Takalmin Manaja

A gidanmu mu uku ne, kuma mai faɗa a ji shi ne wanda bai taɓa furta kalma ko ɗaya ba, wato ɗanmu. Ya kusa shekara goma, dogo ne siriri kamar uwarsa, kuma tun yana ɗan mitsitsi muke kiransa Manaja, don shi ke tsara yadda komai zai tafi, mu namu bi ne kawai. Kofinsa shuɗi ne, in ka kawo masa ja kai ka jiyo. Burodinsa sai an yanke gefe-gefen. Labulen falo rabi ake ja, ba a buɗe shi duka. Tun yana ƙarami likitoci suka gaya mana sunan abin, otizim, suka ce ƙwaƙwalwarsa ce ta ɗauki hanyarta daban, ba ciwon da ake sha wa magani a warke ba ne, zama da shi ake koya. Muka kuwa koya. Ba ya kallon mutum ido cikin ido, ba ya son a kawo masa fuska kusa, amma kunna masa fanka ka sha kallo, sai ya yi ta kaɗa hannuwa kamar zai tashi sama.

A nan ne na yi sa'a, don gyaran fanka ne sana'ata. Ina da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai faci da mai wankin kai, cike da fankoki na tsaye da na tebur da na sama, wasu ba kai, wasu ba fiffike, wasu masu su sun manta da su tun bara. Da ni da Maman Manaja mun raba aikin ne ba tare da mun taɓa zama mun raba ba. Safiya tata ce, don ni da sassafe nake fita. Ita ke yi masa wanka, ta ba shi abinci, ta shirya shi, ta sa shi a motar makarantarsu ta yara irinsa. Bayan an tashi direba ya sauke mini shi a shago, ya zauna a kujerarsa gaban wata tsohuwar fankar tebur da na gyara masa, ba ya motsawa daga wurin ko da gobara ake a titi. Da yamma mu kulle mu taho gida tare.

Mutane in sun gan mu sai su langaɓar da kai su ce Allah sarki. Wannan Allah sarkin ba ƙaramin haushi yake ba ni ba. Muna dariya a gidanmu fiye da gidaje da yawa da na sani, kuma yawancinta Manaja ke ba mu. Rannan wani baƙo ya zauna a kujerarsa, sai Manaja ya je ya ɗauko takalman mutumin ya ajiye masa a cinya. Har yau in baƙo ya daɗe sai uwarsa ta raɗa mini cewa ko a kira Manaja.

Amma fa akwai gajiya, ba zan ɓoye ba, kuma mafi yawanta a wuyan uwar take. Da kunne ɗaya take barci. Ba ta taɓa zama a taron kowa har a tashi ba. Jakarta kullum kamar ta mai ƙaura, da kofi na biyu, da rigar canji, da abin toshe kunne saboda ƙara. In na ce ta huta sai ta ce to, hannunta na ci gaba da abin da yake yi. Sai wata ranar ƙarshen mako na shiga kicin na same ta zaune a ƙasa, cokali a hannu, tana cewa ɗakin ne ke juyawa. Likita ya auna ta, ya sake aunawa, ya ce jininta ya hau, ya cire tabarau ya dube ni kamar ni na jawo mata. Ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ta bar gidan na mako guda, inda ba za ta ji motsin yaron ba balle ta tashi.

Ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba inda za ta. Sai da na kira yayarta, wadda duk danginsu ba mai ja da ita, ta zo da kanta ta zauna a falo da jaka a cinya, ta ce ba ta tashi sai da ƙanwarta. Aka kai ruwa rana, daga ƙarshe Maman Manaja ta yarda, amma da sharaɗi: in ya fasa makaranta, a ranar za ta dawo. Tana da hujja. In tsari ya karye wa Manaja, ɗinke shi sai an sha wuya, don lokacin da aka canza musu direba sai da muka yi wata da watanni kafin ya yarda ya sake shiga motar. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce mutumin da ke kwance fanka ya mayar da ita ba kusa ko ɗaya da ta yi saura, shirya yaro ɗaya ba zai gagare shi ba.

Da baki ta koya mini komai, don babu makaranta a ranar balle in gani da idona. Ta nuna mini ɗumin ruwan wanka a bayan hannuna, da yadda ake juya safa ɗinkin ya koma waje. Ta kai ni bencin da ke bakin ƙofa inda ake sa takalmin makaranta, baƙi mai igiya, wanda ba ya shiga mota sai da shi, ko da silifas ɗinsa na gida na kusa. Ta ce hagu ake fara sawa. Ta ce kada in kuskura in tsuguna a gabansa, don fuskata za ta zo daidai tasa ya ture ni. A gefensa ake tsayawa, a sunkuya daga tsaye, a ba shi baya, shi zai miƙo ƙafar da kansa.

Tana ninke kayanta a bakin gado na ce mata cikin wasa ta kwantar da hankalinta, in ya yi kewarta zan kira ya ji muryarta. Ta yi 'yar dariya ba tare da ta ɗago ba.

"Kewa? Kai ma dai, Baban Manaja. Yaron nan bai san ni ba. Ni da famfon banɗaki ɗaya muke a wurinsa, in ya murɗa ruwa ya zo. Ba kewata nake tsoro ba, tsarinsa nake tsoron ya rushe."

Ta faɗi maganar ne kamar mai cewa gari ya yi zafi, ta ci gaba da ninki. Ni kuwa ta soke ni har cikin rai, ga shi ba ni da wata shaida da zan ajiye mata a gaba. Da za su fita ta tsaya a bayansa ta ce ta tafi. Yana kallon labule, ko waiwaye bai yi ba.

Safiyar farko komai ya tafi kamar an shafa mai. Wanka lafiya, kofi shuɗi, burodi ba gefe, safa a juye. Har na fara tsara yadda zan yi mata gori in ta dawo. Manaja ya je ya zauna a benci da kansa, na tsaya a gefensa, na sunkuya, na ba shi baya, takalmin hagu a hannuna, ina jira. Shiru. Na leƙa ta ƙarƙashin hammata, sai na ga ya lanƙwashe ƙafafunsa duka biyu can ƙarƙashin bencin. Na kira sunansa, na buga takalmin a ƙasa, na ɗan jawo ƙafar a hankali, ya mayar da ita da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Bai yi kuka ba, bai yi ihu ba, zama kawai ya yi kamar mai jiran wani abu da ya san yana tafe. Direba ya danna hon har ya gaji, ya leƙo, ya ce akwai sauran yara, ya ja motarsa.

Abu na farko da na yi shi ne kiran malamarsu, na roƙe ta don Allah in tana da tambaya ni za ta nema, ba uwar ba. Na biyu na kira Yaya. Ta saurare ni har na gama kame-kamena.

"Mai Fanka, ƙanwata ta ci abinci ta yi barci har da minshari, rabon da in ji haka tun muna yara. Wayarta na hannuna. Yau zan ce mata komai lafiya, gobe ma zan iya. Bayan nan kuwa na san halinta, ko a ƙafa sai ta taho. Ka san yadda za ka yi."

Shago bai buɗu ba ranar, ga shi lokacin zafi, lokacin da kowa ke tuna yana da matacciyar fanka a bayan ƙofa. Waya ta yi ta ƙara, ina ta ba mutane haƙuri. Na zauna na bi abin daki-daki kamar yadda nake bin waya in fanka ta ƙi tashi. Benci shi ne, takalmi shi ne, hagu na fara, ban tsuguna ba. Abin da ya canza ɗaya ne, mai sunkuyon. Don haka washegari na shafa man shafawarta har wuya, na yafa gyalenta a kafaɗa, na sunkuya, na maƙale murya na ce, "Kawo ƙafa, ɗan albarka," yadda nake jin tana faɗa. Daidai nan maƙwabciyarmu ta turo ƙofa za ta dawo da bokitin da ta ara. Ta dube ni, ta dubi gyalen, ta ajiye bokitin a hankali, ta ce a yi haƙuri, ta ja ƙofar da baya-baya. Manaja kuwa ko gezau. Na ɗauko fanka na kunna masa a gaban bencin, ya kalle ta da murna yana kaɗa hannuwa, ƙafafu na nan inda suke. Mota ta sake tafiya ba shi.

Ranar ce na san abin da ake nufi da gajiya. Da rana tsaka na shiga kicin na rufe ƙofa, na dafa wurin wanke-wanke da hannu biyu na tsaya. Na ji haushin yaron, na kuma ji haushin kaina da na ji haushinsa. Kwana biyu kacal, ga ni ina neman inda zan ɓuya a cikin gidana, ita kuwa shekara nawa tana wannan safiyar ba fashi, ta kuma tare ni da dariya da yamma. Na san in gobe ta wuce a haka za ta dawo da jininta a sama, kuma ba wanda zai ƙara raba ta da gidan nan, ko likita ko Yaya. Wannan ne ya fi tsorata ni, ba gorin da zan sha ba.

Safiya ta uku ban sa gyale ba, ban shafa komai ba. Dabara ta ƙare mini. Na ce a raina zan sunkuya ne kawai in tsaya a haka, ko shi ya gaji ko ni. Na sunkuya. Jini ya taru mini a ka, ina jin motsin motoci a titi ina cewa ko wacce motar makarantar ce. Ni ba yaro ba ne, kuma bayan mai gyaran fanka dama a lanƙwashe yake kwana. Can wani abu ya ɗaure mini a ƙugu kamar an ja igiya, ban san lokacin da ya fito daga bakina ba.

"Wash, bayana."

Sai na ji hannu. Ɗan tafin hannu mai ɗumi ya sauka a ƙasan bayana, daidai inda ya ɗaure, ya shafa zuwa sama, ya dawo, ya sake shafawa. Kafin in gama mamaki ƙafar hagu ta fito daga ƙarƙashin benci ta tsaya a gaban takalmin. Na yi maza na zura, na ɗaure. Na ɗauki na dama na yi shiru don in gani. Ƙafa ta ƙi fitowa. Na sake cewa wash, bayana, wannan karon da gangan. Hannu ya zo, ya shafa, ƙafa ta biyo baya. Da direba ya iso ya same mu tsaye a bakin ƙofa, ni ina haki kamar wanda ya yi tsere, Manaja da jakarsa a baya kamar ba shi ya hana ni sakat ba.

Ashe abin da ta manta ta koya mini ke nan, don ita kanta ba ta san tana faɗa ba. Kullum in ta sunkuya bayanta ke amsawa, kullum sai ta yi wannan ƙorafin, har ya shiga cikin tsarin safiya ya zauna tsakanin safa da takalmi. Na yi dariya ni kaɗai a hanyar shago har wani mai keke ya waiwayo. Na kira Yaya na ce ta ƙara wa ƙanwarta filo.

Da farko na ɗauka alama ce kawai yake jira, kamar yadda yake jiran hon kafin ya nufi mota, hannun kuma dafawa ce don kada ya zame. Yammacin ranar ne na gane ba haka ba ne. Yana zaune a shago gaban fankarsa, ni kuma na sunkuya zan ɗaga wata ƙatuwar fankar tsaye mai gindin ƙarfe, bayan da bai gama hucewa ba ya sake kama ni, na yi wash ɗin gaske. Sai na ji kujera ta motsa. Manaja, wanda ba a taɓa raba shi da fanka tana juyawa ba, ya taso ya ratsa tarkacen shagon, ya zo ya ɗora hannu a bayana ya shafa, ya shafa, idonsa na can wani wuri. Babu benci, babu takalmi, babu abin da zai samu. Da ya ga na miƙe ya koma kujerarsa. Na daɗe a tsaye da fankar mutane a hannu, har mai faci ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ban gaya mata a waya ba. Na san ta, za ta ce daɗin baki nake yi mata don ta zauna. Sauran kwanakin suka wuce lami lafiya, ina yin wash ɗina safe-safe, wani lokaci na gaske, wani lokaci na aro, kuma duka biyun yana karɓa.

Ta cika makonta cif ta dawo, kumatu sun ciko, tafiya ba nauyi, har na ce wa Yaya ko dai musanya mini aka yi. Ta shigo da ɗokinta ta tsaya a gaban Manaja. Bai dube ta ba. Ya kama ta a wuyan hannu ya ja ta har gaban labule, wanda na ja ya ɗan wuce rabi tun safe ban lura ba, ya tsaya sai da ta gyara, sannan ya sake ta ya yi gaba. Ta juyo ta dube ni tana murmushi ta ce, ka gani, famfo ya dawo. Na ce mata sannu da zuwa kawai.

Washegari na ƙi fita da wuri, na ce akwai abin da nake nema. Na jingina da ƙofar kicin ina kallo. Ta yi komai cikin sauri da ƙwarewa har na ji kunyar irin nawa shirin. Manaja ya zauna a benci, ta tsaya a gefensa, ta sunkuya sumul kamar yarinya, don bayan ya huta, ba abin da ya ce mata. Ta riƙe takalmin hagu tana jira. Ƙafafu suka shige ƙarƙashin benci. Ta kira shi, ta sake kira, sannan ta juyo da kai ta harare ni daga sunkuyen, fuskarta duk ta canza.

"Baban Manaja, me ka yi wa yaron nan?"

"Ba abin da na yi masa. Ce wash, bayana."

"Bayana lafiyarsa ƙalau."

"Na sani. Ke dai faɗa."

Ta yi tsaki, ta faɗa a gajarce don ta rabu da ni. Hannu ya sauka a bayanta ya fara shafawa, ƙafar hagu ta fito. Ta yi turus, sannan ta ce ai wannan dafawa ce, kullum haka yake dafa ta don kada ya zame in zai ɗaga ƙafa. Na ce ta dubi ɗaya hannun. Ta duba, yana riƙe da bakin benci gam, ba ya bukatar kowa ya tare shi. Sai na ba ta labarin kwana biyun da Yaya ta ɓoye mata, da gyalen, da maƙwabciya, da abin da ya faru a shago, yadda ya bar fanka tana juyawa ya taso. Na ce mata ba ƙafar yake hanawa ba, nasa aikin yake jira ya yi tukuna, kuma shekara da shekaru yana yi mata shi tana ba shi baya.

Ta zura masa takalmin. Ta ɗaure na hagu, ta faɗi kalmar ta karɓi na dama, ta ɗaure shi a hankali, ta gyara igiyar da ba ta bukatar gyara. Aiki ya ƙare, ba sauran abin yi a ƙasa, direba kuma ya danna hon a waje. Ba ta ɗago ba. Daga inda nake ina ganin ruwa na ɗiga a kan baƙin takalmin. Sai na ji ta, ƙasa-ƙasa.

"Wash, bayana."

Manaja yana kallon labule, ko inda take bai duba ba. Ya ɗaga hannu ya mayar daidai wurin, ya ci gaba da shafawa.

Na zagaya ta gefensu na fita waje, na ce wa direba ya ɗan ƙara mana haƙuri, Manaja bai tashi daga aiki ba.